Shekarar da Munka Yi wa Mota Miya

Babanmu yana da akori-kura guda. A takarda fara ce, a ido kuwa launinta ya danganta da gefen da ka tsaya. Ƙirar Faransa ce. Ta girme ni, ta girmi auren Inna, in ka biye wa mutanen garinmu ma ta girmi hanyar Sabon Birni, don sun rantse sawunta anka bi anka shata hanyar. A gida ba mu ce mata mota, Tsohuwa muke ce mata. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta, ta fasinja kuma ba ta buɗewa sai ka yi mata sallama da kafaɗa. Makulli ya ɓace tun ban yi wayo ba, waya biyu ake haɗawa. Amma injinta, ko agogon liman bai kai shi tsari ba.

Ba ta taɓa kwana a gareji ba. Inuwar bedin da ke ƙofar gidanmu ita ce garejin, kayan aikin kuma duk jakar fata guda ta ɗauke su: sufana huɗu, filaya, guduma, da wata sandar gora mai tsawon kamu biyu. Kullum da hantsi Baba zai ɗaga bonet, ya tada ta, ya ɗora kan sandar a jikin inji, ɗaya kan a kunnensa, ya lumshe ido. Shekaru na yi ina zaton gyangyaɗi yake yi a tsaye. Wani lokaci ya kira ni.

"Zo ka ji."

In kanga kunne, in ce, "Na ji, Baba. Tana aiki."

"Kunnen nan naka na ado ne," in ji shi, ya karɓe sandarsa.

Gemu ya fara fito mini lokacin da ruwa ya ɗauke mana shekara ta biyu a jere. Gero ya kawo gwiwa ya tsaya nan, kamar wanda ya manta abin da ya fito yi, sannan ya bushe. Fulani sunka yi ta wucewa kudu da abin da ya rage musu, shanun da za ka iya rataya riga a ƙashin bayansu. 'Yan kasuwar da Baba ke ɗauka sunka ragu, don babu abin kaiwa, babu abin sayowa. Da ya ji ana neman direban tifa can kudu, sai ya ɗaura niyyar cin rani. Ran tafiyarsa ya tsayar da ni gaban Inna, ya miƙo mini jakar fata.

"Ka riƙa tada ta kullum, ran kasuwa ka kai mutane. In ta gagare ka, magana na hannun innarka. Ta sayar, a sayi hatsi."

Na ce, "Ba ta gagara ta, Baba," da muryar wanda bai taɓa kwance noti ba tare da an nuna masa hannun da zai juya ba.

Wata biyu muna lafiya ni da Tsohuwa. A na uku ta fara shan ruwa.

A shekarar nan rijiyar garinmu ta yi nisan da in ka saki guga da safe, kana iya zuwa gida ka yi azahar ka dawo kafin ka ji faɗuwarsa. Layi ake yi, kowane gida da rabonsa, namu kuma Inna ke tsayuwa kansa tun rana ba ta fito ba. A cikin wannan ruwan Tsohuwa ta sa baki. Kafin in kai Kurawa allurar zafin inji ta haye ja, tururi na fita ta ƙarƙashin bonet kamar ana dafa dambu, sai in tsaya ta huce in ɗura mata jarka guda. Na kwanta ƙarƙashinta har haƙarƙarina ya haddace duwatsun wurin, ban ga ɗigo ko ɗaya ba. Na ɗaure bakin tiyo da roba. Na naɗa wa murfin lagireto tsumma, lagireto kuwa shi ne tulun mota, nan ruwanta ke zama ya huce. Duk a banza. Na yanke hukunci cewa akwai wata ɓoyayyar huda da ba ta yoyo sai in ba na kallo.

"Wagga tsohuwa taku ta fi raƙumi," in ji Inna. "Raƙumi in ya sha, shi yi maka kwana bakwai bai tambaye ka ba."

Na rubuta wa Baba takarda, layi uku, na ba direban wata motar goro: Tsohuwa tana zafi, tana shan ruwa, mi za ni yi?

Kafin amsa ta zo, Mushe ya riga ta. Wani mutum ne daga tsallaken iyaka, wajen Maraɗi, sana'arsa sayen matattun motoci. Ya yanka su, maƙera su kwashi ƙarfe, ƙafafun baya kuma ya yi amalanken jaki da su. Mutanensu ke ce masa Mushe, wai malam ke nan da Faransanci, mu kuwa munka ga sunan ya zauna daidai, don duk inda mushe yake nan za ka gan shi. Ya zagaya Tsohuwa sau biyu, bai ko kalli injin ba, ƙafafun baya kawai yake shafawa. Sannan ya tsaya bakin zaure ya gai da Inna.

"Inna, gero za ni kawo, ba takarda ba. Ki auna da tiyarki."

Na ji numfashin Inna daga bayan zana. A lokacin rumbunmu in ka yi tari a ciki sai ya amsa maka.

"Kasuwa biyu," ta ce. "In kasuwa biyu ta ci tana shan ruwana, zo ka ɗauka."

Kasuwa ɗaya ta ci. Washegari takardar Baba ta iso, a ninke cikin ledar goro. Baba a ajin yaƙi da jahilci ya koyi boko, kowane baƙi nasa ya kai girman ƙwarar dabino, don haka ba ya ɓarnar magana. Ga abin da ya rubuta:

"Bayan gaisuwa. Na ji batun Tsohuwa. Daga nan ba ni ganinta. Ka fara da kuka. Kada ka taɓa sufana sai ka gama da kuka. Ni da kuka na riƙe ta shekara da shekaru. A gai da innarka."

To ni ɗan tasha ne. Na sha jin direbobi na hirar abin da suke zuba wa lagireto in ya hude a daji, wani garin taba, wani sabulu, wani ya fasa ƙwai. Ina ganin kalmar sai kaina ya buɗe. Mi ya fi kuka yauƙi? Mi ya fi ta iya bin lungu ta toshe? Ashe sirrin tsohon ke nan, shi ya sa bai taɓa zuwa gareji ba. Na shiga gida da gudu na karanta wa Inna, kuma da muryar miya na karanta.

"Kuka?" ta ce. "Ta miya?"

"Ga shi nan a rubuce, Inna."

Ta aje muciya, tana kallon tukunyar da take ajiyar kuka.

"Ashe. Shekara ashirin ina zargin ɓeraye da maƙwabta."

Takarda ba ta faɗi yawan da za a sa ba, sai Inna ta karɓi aikin lissafi.

"Ruwan cikinta ya kai mi?"

"Kamar rabin tulu."

"Wagga ai miyar gidan suna ce. Ludayi ukku."

Kada ku ɗauka kuka abin wasa ce a shekarar. Itatuwan kukar garinmu an yi musu aski tun ganye bai buɗe ba, abin da ke cikin tukunyar nan shi ne miyarmu har damina. Amma Inna ta ɗebo da hannunta. Ta kuma ce ba za a zuba gari haka nan ba, zai yi gudaji, ita ba a taɓa cin gudaji a gidanta ba. Ta kaɗa da maburgi a ƙwarya har ta yi sumul. Da ta juya baya na ƙara ludayi guda don albarka, na ƙara wani don ban yarda da na farkon ba. Na ɗura ta mazurari, na rufe, na haɗa waya.

Minti biyar na farko su ne mafi daɗi a rayuwata. Babu tururi. Na zagaya garin a giya ta biyu, gwiwar hannu a taga, ina ɗaga wa mutane hannu kamar mai neman ƙuri'a. A zagaye na biyu na fara jin ƙamshi, na ce wani gida ya yi sa'a yau. Ina kawowa gindin bedi sai ta fara gurnani daga ciki, ɓutuk, ɓutuk, irin na tukunyar da anka manta a wuta. Allah Ya taimake ni na raba wayar nan kafin inji ya ƙone. Ban gama fitowa ba murfin lagireto ya yi sama.

Wasu sun ce a Kamarawa anka tsinci murfin. Wannan ƙarya ce, bayan masallaci ya faɗi. Amma yauƙin, ni na gan shi da idona, ya miƙe daga bonet har reshen bedi bai tsinke ba. Awakin unguwa, da sunka yi wata uku suna cin kwali, sunka sa harshe sunka yi wa Tsohuwa wankan da ba a taɓa yi mata ba. Wani dattijo maƙwabcinmu ya tako da sandarsa, ya leƙa, ya shinshina.

"Ɗana, gishiri bai ji ba. Ina tuwon?"

Kowa ya yi dariya, har ni. Da sunka watse na zauna a kan dutsen da muke tare taya da shi, dariyar ta ƙare. Saura kwana biyar kasuwa. Da can Tsohuwa ruwa take sha, yanzu ko shan ba ta iyawa, don na toshe mata maƙogwaro. Na riƙa ganin Baba ya sauko daga mota da ƙunshinsa, ya iske inuwar bedi wayam sai tabon baƙin mai, sannan wata rana a kasuwa ya ga jaki na jan ƙafafunta ya gane su. Zai gane su. Shi ya yi wa kowace taya faci da hannunsa.

Washegari da hantsi Inna na surfen ɗan abin da ya rage, ni kuma na rakuɓe gefe kamar kazar da ruwa ya daka. Sai ta tsayar da tabarya.

"Kai, sake karanta mini takardan nan."

Na karanta.

"Ka fara da mi?"

"Da kuka."

Ta maimaita kalmar a hankali. Sannan ta sake maimaita ta, amma wannan karon ba ta saukar da muryarta a ƙarshe ba, ta bar ta a sama, yadda ake faɗin kukan jariri ko kukan kura. Ta dube ni. Na dubi takarda. Baƙaƙe huɗu ne, suna nan yadda suke, ba su nuna sun san sun yi laifi ba. Baki ya san bambancin kuka da kuka tun ran da ya fara magana, alƙalami ne bai sani ba.

"Mutumin da kullum sanda na kunnenai," in ji Inna. "Ni ma da na biye maka, ai na fi ka wauta."

"To ni ko na saurara, Inna, ban san yadda kukanta na lafiya yake ba."

"Ni na sani."

Na ɗaga kai.

"Shekara ashirin tana tashe ni daga bayan zanan nan, in ce ban sani ba? In ubanku na gida, gurrr take yi, shi ke nan. Tun watan jiya ta ƙaro wani abu a sama, cii, cii, kamar ɓera a rumbu. Na zaci kai ka sa mata don gayu."

Sauran aikin ma daga madafa ya fito. Na ce yauƙin nan ko gulbi guda ba ya wanke shi, ta ce wa ya gaya mini, duk macen da ta taɓa kuskuren sa tsami a miyar kuka ta san abin da ke tsinka yauƙi. Ta jiƙa tsamiya a tulu. Na kwance tiyo biyu da noti huɗu, na ciro lagireto, na ɗaura wa jakin maƙwabci tare da jarkoki, na nufi gulbi ta wajen Isa. Gulbin yashi ne zalla, sai ramukan da mutane sunka tona, ruwa na tsattsafowa a gindinsu cokali-cokali. Na ɗura ruwan tsamiya, na girgiza, na zubar, na sake. Wani Bafulatani da ke jiran shanunsa uku su sha ya daɗe yana kallon koren abin da ke fita.

"Kaɗo, wagga tumbin wace dabba ce?"

"Ta Faransa."

"Ita dai ta sami ciyawa bana."

Ya bar mini layinsa, ya kuma riƙe mini mazurari har ruwa ya riƙa fita garau. Kwana biyu na yi ina wannan zirga-zirga, don cikin injin ma sai da na wanke shi da ruwan da na yo dako. Jakin nan har ya mutu in ya gan ni sai ya juya mini baya.

Ana jibi kasuwa na mayar da komai, na cika ta da ruwa, na tada ta. Na ɗauko sandar gora daga jaka, karo na farko da hannuna ya taɓa ta ba tare da an miƙo mini ba. Na ɗora a kunne. Hayaniya kawai, kamar kasuwar awaki.

"Ga shi nan," in ji Inna daga bayan zana. "Ka ji?"

"Ban ji ba."

"Taka mata kaɗan. Yawwa. Wannan na saman."

Na ji shi. Siririn abu ne, cii, cii, yana hawa in na taka yana sauka in na saki. Na riƙa matsar da sanda, taki ɗaya taki ɗaya, daga baya zuwa gaba, Inna na cewa ba nan ba, ni ina cewa na sani, har na iso wurin danamo, mai ba batir wuta, inda kukan ya shige mini kunne kamar tsinke. Na kashe ta, na danna fambel da babban yatsa. Fambel shi ne ɗamarar robar da ke juya fanka da famfon ruwa. Ya lotsa kamar cikin wanda ya yi azumi. Ashe santsi yake yi, fanka ba ta juyawa sosai, ruwa ya tafasa ya gudu a tururi. Babu huda ko ta allura. Wata guda Tsohuwa na gaya mini da bakinta.

Na sassauta notin danamo, don sai an ja shi baya fambel ke ɗamewa, na nemi abin da zan bankare shi da shi na rasa, sai ga tabarya ta leƙo ta saman zana.

"In ka karya ta, kai za ni daka da kai."

Na sa tabarya na bankare, na ɗaure noti. Na haɗa waya. Gurrr. Na jira ɓeran, bai zo ba.

Can Inna ta ce, "Haka take yi in yana gida."

Ran kasuwa Mushe ya iso tun da hantsi, da buhunansa a amalanke. Inna ta ce ba ta yarda da bakina ba, ba ta kuma yarda da nasa ba. Ta sa na tsoma kara a lagireto, ta yi masa alama da farce, ta soke shi a ɗankwalinta. Na kwashi 'yan kasuwa zuwa Sabon Birni, Mushe a gaba kusa da ni, idonsa kan allura kamar mai jiran fitar rai. Allura ta hau rabi ta yi zamanta. Munka je, munka dawo da la'asar. Da ta huce Inna ta fito da kanta, ta zare kara ta tsoma. Ruwa na nan kan alamar farce.

Ta daɗe tana kallon buhunan nan. Ni ma na kalle su, ba zan ɓoye ba, cikina ma ya yi nasa kukan.

"Mushe," ta ce, "yau babu mushe. Ka sha ruwa kafin ka koma, yanzu muna da saura."

Ba a ƙoshe munka ƙarasa ranin ba. Na riƙa ɗauko wa gidaje ruwa daga gulbi a duro, wannan ya auno tiya, wancan rabi, da haka munka ja. Tuwon kuwa gaya munka riƙa ci da ruwan barkono, don miyarmu tana can awaki sun lashe.

Baba ya dawo da ruwan farko. Bai shiga gida ba, gindin bedi ya nufa, ya aje ƙunshinsa, ya ce in tada ta. Ya karɓi sanda ya lumshe ido.

"Fambel ka ja."

"Awo."

"Da mi?"

"Tabarya."

Ya gyaɗa kai, kamar dama da ita masu ƙirar ke ja. Sai ya buɗe ido, ya sunkuya kan lagireto, ya ja hanci sau biyu.

"Wa ya haihu anka yi suna a nan ciki?"

Inna ce ta ba shi labari daga bayan zana, ta kuma tabbatar duk ludayi biyar ɗin a kaina sunka faɗi. Baba ya yi dariya har ya zame ya zauna a kan dutsen tare taya, yana share ido da hularsa. Da ya lafa sai Inna ta ce, to ta ji wannan, amma har yanzu ba a gaya mata inda kukarta ta shekara ashirin ta tafi ba. Har Allah Ya ɗauke su, shi da farko ita daga baya, ba ta janye wannan ƙara ba.

Tsohuwa na nan gindin bedi. Ba ta zuwa kasuwa yanzu, babura sun karɓe hanyar, amma duk Juma'a da hantsi nakan ɗaga bonet in tada ta, in ɗora sandar gora a kunne. Takardar ma na cikin jakar fata, ta yi laushi kamar tsumma. In inji ya ɗauki zafi, wallahi har yau ina jin ƙamshin nan yana tasowa. Maiɗakina ta ce daga madafarta yake fitowa. Ran nan na sa ta kashe wuta don mu gwada, ta ce in na isa in zo in kashe da kaina.